Ƙunshin Gwaggo

Akwai lokacin da gidanmu kaf a Zongo muke gadin hannun mutum guda, hannun hagun Yayata. Da ta miƙa shi za ta ɗauki bokiti, sai ka ji muryoyi sun taso daga kowane ɗaki, har da na 'yan haya. Ni ce shugabar masu gadin, don na fi kowa baki, kuma ni ce na ji abin da likita ya faɗa da kunnena.

Yaya mai koko ce. Tun ina yarinya take tashi kafin kiran salla ta dama, ta soya ƙosai, ta kafa tebur a bakin titi inda 'yan zemijan ke tsayawa da baburansu. Hawan jini ya daɗe yana yi mata sallama tana yin biris da shi. In na yi magana ta ce ciwon kai ne na hayaƙi. Sai da ƙafafunta suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, sannan ta yarda muka je asibiti, aka ce ƙodarta ta gaji, ba za ta sake tashi ba. Abin da ya rage shi ne wankin ƙoda: a jawo jininta ya bi ta cikin inji ya wanku, a mayar mata, haka kowane mako har iyakar rai.

Injin kuwa yana bukatar ƙofar shiga. Da farko roba suka cusa mata a wuya, ta shige cikin babbar jijiya, bakinta yana reto a waje. Na tsani robar nan. Ba a jiƙa ta, saboda haka wanka ya koma shafe-shafe da tsumma, ga Yaya mace mai son ruwa. Duk da kiyayewar, cuta ta bi ta nan ta shiga jini. Na ga Yayata tana rawar sanyi a ƙarƙashin barguna cikin zafin Lome, tana kiran mahaifiyarmu da ta rasu tun muna ƙanana. Da ƙyar aka ƙwato ta. Bayan ta farfaɗo suka ce robar wuya ba abar zama da ita ba ce, in zazzaɓin nan ya dawo ba su yi mana alkawarin komai ba. Suka tura mu wurin likitan da ke yi wa jijiyoyin jini aiki.

Ɗan ƙaramin mutum ne mai furfura, ɗan unguwar Bè, yatsunsa sirara kamar na mai kitso. Ni yake yi wa Faransanci don ni na yi lakwal, wato boko, Yaya kuma ya yi mata yaren Mina, wadda ta fi ni iyawa saboda masu shan kokonta. Ya shafa mata wani ruwa mai sanyi a hannu, ya bi da na'ura yana kallon allo. Hannun dama bai daɗe a kansa ba, ya ce allurai da ƙarin ruwa sun riga sun ƙone jijiyoyin wurin. A hagu ya daɗe yana nema, daga gwiwar hannu har ƙasa, sannan ya sa alƙalami ya yi ɗigo a wuyan hannu, ta wajen babban yatsa. Ya ce wannan kaɗai ce mai kyau, ita ma siririya ce, amma za ta yi.

Ya bayyana mana cewa jijiyoyin jini iri biyu ne. Akwai mai kawo jini daga zuciya da ƙarfi, tana can ciki. Akwai mai mayar da shi a hankali, tana kusa da fata, amma laushinta ba zai jure alluran inji ba. Shi zai haɗa bakinsu ya ɗinke, ƙarfin waccan ya riƙa shiga wannan, har ta buɗe ta yi kauri. Da na ji maganar ɗinki sai kunnena ya tashi, domin ni tela ce, shagona yana Amoutivé, kuma ba kasafai nake yaba ɗinkin wani ba. Na tambaye shi da wane zare. Ya yi murmushi ya ciro shi daga takardarsa. Sai da na karkata shi wajen taga sannan na gan shi, gashin kaina ya fi shi kauri. Na ja bakina na yi shiru, abin da Yaya ta ce ba ta taɓa gani ba.

Ranar aikin hannun kaɗai aka kashe, Yaya idonta biyu. Ta fito tana ba ni labarin cewa likita ya sa tabarau mai 'yan madubai irin na mai gyaran agogo. Shi kuma ya kama yatsuna ya ɗora su sama da ɗinkin, ya ce in saurara da hannu. Sai na ji fatar tana tsuma a ƙarƙashin yatsuna, yadda teburin kekena ke yi idan yana gudu. Ya ce:

"Muddin kina jin wannan, hanyar yayarki a buɗe take. Ranar da ya yi shiru, ko abinci kuke ci ku ajiye ku kawo mini ita. In an zo da wuri ina iya buɗewa. In an daɗe, jinin ya daskare ya kama bango, sai dai haƙuri."

Daga nan ya faɗi abubuwan da ba a yi wa hannun. Ba a auna jini a kansa, ba a yi masa allura in ba ta inji ba, ba ya ɗaukar kaya, ba a kwana a kansa, ba agogo, ba awarwaro, ba matsattsen hannun riga. Na dawo Zongo na tara gida na mayar musu da Hausa, na ƙara da nawa gargaɗin da likita bai faɗa ba. Na farke hannuwan rigunanta duka na buɗa su. Awarwaron ta ba 'yarta. Lalle bai shigo cikin maganar ba. Shi ba zai san yadda muke ɗaure shi ba, mu kuma Yaya ta bar ƙunshi tun da ta kwanta ciwo, har mun manta hannunta ya taɓa yin ja.

Jijiyar ta yi abin da aka ce za ta yi. Yaya na zaune kusa da tukunya tana matsa ƙwallon roba, tana ba 'yarta umarni, jijiyar tana tasowa har ta zama kamar igiyar shanya a ƙarƙashin fata. Da aka zare robar wuya, ramin ya warke, ta shiga banɗaki ta kwara ruwa tun daga ka. Ina jin ta tana dariya ita kaɗai. Shekarar nan ita ce mai daɗin a cikin ciwon. Ta ɗan yi kumari, ta koma faɗa da 'yan zemijan masu ɗaukar ƙosai da hannu tun bai huce ba. Abin da ke tsuma a hannunta ta sa masa suna janareta. Kowace safiya kafin in tafi shago sai na tsaya na ɗora yatsu a kai, ita kuma ta ce ga 'yar duwan, wato 'yar kwastan, ta zo binciken kaya. Ban taɓa fasawa ba, ita ma ba ta taɓa fasa tsokanar ba.

Sai aka sa ranar auren 'yarta, ita kaɗai Allah ya ba ta. Yaron direban babbar mota ne, ɗan unguwa, suna son juna, ba mu da abin cewa. Yaya ba ta faɗin sunanta saboda 'yar fari ce, sai dai ta ce yarinyar nan. Amma na sha jin ta bayan salla tana roƙon abu guda, a ara mata kwana ta ga yarinyar nan a ɗakinta.

Gwaggo ta taho daga Kumasi saboda bikin. Ƙanwar mahaifinmu ce, ita ta riƙe mu bayan rasuwar mahaifiyarmu, ita ta yi mana kitso, ta yi mana duka, ta aurar da mu. Ta tsufa, yanar ido ta rufe mata gani har ba ta rarrabe mutane sai da murya, amma hannunta na nan da ƙarfinsa. Tun farkon ciwon Yaya ta hana a gaya mata gaskiya, aka bar ta a kan cewa hawan jini ne. Ta ce tsohuwar da ba ta barci in ta ji ɗayanmu na mura, ina ga an ce mata ana fitar da jinin 'yarta ana mayarwa. Na yi musu, aka fi ƙarfina. A cikin kayan Gwaggo akwai ƙullin lalle da ta daka da kanta ta tankaɗe, don ita ba ta yarda da zanen da 'yan mata ke yi da baƙin ruwa ba, ta ce wannan rubutu ne ba ƙunshi ba.

A wurinmu uwar amarya ba ta tsayawa a tsakar gida lokacin biki. Kunya ce, takan koma ɗakin maƙwabciya ta ɓuya, ƙannenta su ɗauki hidima. To ni ce ƙanwar. Ni ce da ankon da ban gama ɗinkawa ba, ni ce kasuwar Hanoukopé wajen tumatir da albasa, ni ce da masu girki, ga baƙi daga Sokodé da Accra kowa na neman inda zai shimfiɗa tabarma. Ranar Alhamis na kai Yaya wankin ƙoda, na dawo da ita a gajiye kamar kullum, jiri na ɗibarta, na shigar da ita ɗakin maƙwabciyar na bar ta da Gwaggo. Na ji daɗi ma da akwai mai zama da ita.

Washegari da safe na leƙa in yi bincikena. Tana zaune a gefen gado, ta ɗago mini tafukan hannunta biyu, jajawur har sun yi duhu, har farce. Ban taɓa ganin lalle ya kama haka ba. Gwaggo na gefe tana jan carbi. Na rage murya na tambayi Yaya ko an ɗaure, ta ce a yatsu kawai, sama-sama. Na miƙa hannu zan taɓa wurin, ta mayar da shi cikin mayafi ta ce in tafi, masu girki na kirana, janareta na aiki, yanzu ta duba. Yaya ba ta taɓa yi mini ƙarya ba, na juya na tafi.

Biki ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. An ɗaura aure a masallaci, an ci an sha, 'yan mata sun cika layinmu da anko. Ranar Lahadi da yamma aka kawo amarya ɗakin da uwarta take don su yi sallama. Yaya ta dafa kanta da hannun dama, ta ce ta yi haƙuri da mutane, ba ta ƙara ba. Hagun na cikin mayafi. Na gani, na ɗauka kiyaye shi take yi daga turereniya.

Litinin da sassafe aka kai Gwaggo tasha, mu kuma muka hau tasi zuwa wankin ƙoda. A mota na kama hannun, wannan karon ba ta janye ba. Na ɗora yatsu. Na matsa sama, na dawo ƙasa, har kunnena na kara kamar mahaukaciya. Jijiyar na nan a tashe, amma ta yi tauri, ba abin da ke motsi a cikinta. Yaya na kallon titi ta taga.

"Tun asubar Juma'a ya tsaya," in ji ta.

A hanyar nan ta ba ni labari. Bayan sallar isha'i ranar Alhamis Gwaggo ta kwaɓa lalle, ta ce tana raye uwar amarya ba za ta wayi gari da farin hannu ba. Ta cika mata tafi, ta dunƙule, ta rufe da leda, ta naɗe da tsumma. Da ta zo hagu ta ji jijiyar a tashe tana rawa, sai ta ce wahalar tukunyar koko ce ta tayar da ita, lalle zai sanyaya ta, ɗauri kuma ya kwantar da ita. Ta yago gefen tsohon zane ta zagaya a daidai wurin, ta ja da ƙarfi ta ƙulle. Yaya ta ce a sassauta, Gwaggo ta ce sakakken ƙunshi ba ya kamawa. Yaya ta yi shiru da niyyar in tsohuwar ta yi barci ta kwance. Da me za ta kwance, hannu biyu a dunƙule cikin tsumma? Ta gwada da haƙori, ƙullin ya ƙi, ga gajiyar inji, barci ya sace ta. Da aka kwance da asuba ta taɓa wurin ta ji shiru.

Na tambaye ta me ya hana ta janye hannun, me ya hana ta kira ni, me ya hana ta faɗa da safen nan da na tsaya a gabanta. Ba tambaya nake yi ba, masifa nake yi, har direba ya kashe rediyonsa. Ta bar ni na gaji, sannan ta ce:

"Matar da ta goya mu ta taho tun daga Kumasi da lallenta, in janye mata hannu? In kuma na faɗa miki ranar Juma'a, lopital za ki kai ni likita ya kwantar da ni. Yarinyar nan ta tafi ɗakinta uwarta na gadon lopital, Gwaggo kuma ta san hannunta ne ya yi. Na auna, na ga in jira Litinin."

Na ce da ranta ta auna. Ta ce ta sani.

Likitan ya bar abin da yake yi ya zo. Ya sa abin saurarensa, ya bi da na'ura, ya daɗe yana kallon jan tafin hannun. Ya tambaye ni yadda ake yin wannan, na nuna masa a hannuna inda ƙullin ke zama. Bai yi faɗa ba. Na so ma ya yi, ko zan samu abokin masifa. Cewa kawai ya yi daga yau zai riƙa faɗa wa matanmu wannan ma. Ya shigar da ita a ranar, ya buɗe wurin, ya zaro gudan jini baƙi dogo, ya nuna mini a cikin ɗan kwano. Motsin ya dawo kaɗan, na zauna da yatsuna a kai har suka sage. Kafin gari ya sake wayewa ya tsaya.

Jini ba ya jiran a samu wata hanya, dole a wanke shi. Aka mayar da robar wuya. Da Yaya ta ga an turo tiren kayan, ta juya fuska bango. Daga baya likitan ya gwada a gwiwar hannu, ya ɗinka da duk iyawarsa, muka jira, jijiyar wurin ta ƙi buɗewa. Ranar da ya gaya mana, da Mina ya yi wa Yaya sannu, yana riƙe da hannunta kamar shi ne ya yi mata laifi. Muka dawo gida na ɗauko tsumma da kwanon ruwan shafe-shafe.

Na tsani Gwaggo a watannin nan, in faɗi gaskiya. Idan ta bugo waya tana tambayar jikin 'yarta, sai in miƙa wa Yaya in fita waje. Yaya ta gane. Wata rana ina goge mata baya ta ce in yi mata alkawari Gwaggo ba za ta taɓa ji ba, ko daga bakina ko daga fuskata. Na ce fuskata ai ba ta gani. Ta ce tana jin murya. Ba ta ƙyale ni ba sai da na ce na yi.

Zazzaɓin ya dawo da damina. Wannan karon ba a ƙwato ta ba. Ta cika da hantsi, 'yarta na riƙe da ƙafarta, ni ina wajen kai. Jan tafin ya daɗe da gogewa, amma a farcenta akwai saura can baki-baki, inda bai gama fita ba. Masu wanka suka gani suka ce Allah sarki, ragowar biki.

Gwaggo ba ta samu jana'iza ba, sai washegari ta iso. Aka shimfiɗa mata tabarma a ɗakin Yaya, mata na shigowa suna gaisuwa. Ba ta ɗaga murya ba, hawaye ne kawai ke bin fuskarta tana amsawa. Da mutane suka ragu ta kira ni, ta lalubo hannuna ta riƙe. Ta ce ita ya kamata a binne, ba wadda ta goya ba. Sannan ta ce:

"Ke ba kya ɓoye magana, shi ya sa zan tambaye ki. Ƙunshin nan da na yi mata, ya kama kuwa? Idona bai gani ba, ita kuma ko bai yi ba cewa za ta yi ya yi."

Maganar na nan a bakina, duk wadda na tara tun daga cikin tasin nan. Na dube ta. Ta rame a hanya, ɗankwalinta ya karkace, tana jiran amsata da kunne a karkace wajena. Ban taɓa jin zuciyata ta yi nauyi irin na lokacin ba, haushi da tausayi duka a wuri guda, ga alkawari a wuyana. Na gyara murya don kar ta ji komai a ciki.

"Ya kama, Gwaggo. Har farce. Kowa sai da ya tanka."

Ta yi hamdala. Ta ce ko ba komai ta yi wa 'yarta adon ƙarshe da hannunta, wannan zai riƙa sanyaya mata rai. Ta shafa tafina da babban yatsa, ta ce hannuna ya bushe, ba na kula da kaina. Akwai ragowar lallen a jakarta, in an share makoki za ta ɗaura mini kafin ta koma.

Na ce to.